'Yar Cikin Fatar da Na Ɗinka wa Baffa

Matso kusa, 'yar uwa. Kai ma ɗan uwa, jawo tabarmarka nan. Akwai maganar da na riƙe a bakina shekara da shekaru, yau zan fitar da ita. A aji huɗu na tsaya da makaranta, in ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, maganar dai a miƙe take.

Baffana ya rasu, jiya aka yi addu'ar arba'in. Ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida, kuma ɗansa nake aure, don haka ban san wani gida ba sai nasa, nan Birnin Kudu. Ku kuwa da Turmi kuka san shi, na wasan ban dariyar nan na talabijin, wanda duk mako yake shiga rabon faɗa, masu faɗan su haɗu su jibge shi, ya miƙe ya karkaɗe riga ya ce, "Wai ƙuda ne ya sauka a bayana?"

Ban taɓa ganin zaman makoki irin nasa ba. Mace za ta shigo fuska a ɗaure, ta durƙusa gaban Inna, matarsa, ta ce, "Ya haƙuri? Allah ya ji ƙan Malam." Sai ka ga kafaɗarta ta fara rawa, ta tura bakin mayafi a baki. Dariya ce ta kama ta. Wata tsohuwa daga Yalwan Damai hawaye na zuba tana cewa, "Ranar nan da mai shayi ya kwaɗa masa benci, wallahi sai da na ƙware da tuwo." Inna kuwa carbinta kawai take ja.

Ban ji haushinsu ba, dariyar ai ita ya yi wa aiki. Abin da ya tsaya min a rai ranar sadakar uku ya faru. Ina bayan zaure ina zuba wa maza ruwa a buta, sai na ji wani yana tambaya, "To, wa ya bar wa maganin?" Wani ya ce, "Ga magaji nan a zaune." Aka yi dariya. Sai na ji sanda ta sauka a bayan maigidana. Tas!

Na san wannan ƙara. Duk duniya ba wanda ya san ta kamar ni. Bari in faɗa muku dalili.

Baffa da karen mota ya fara, a hanyar Kano. Fasinja su shiga motarsu da faɗa su fita suna riƙe ciki, don yana iya kwaikwayon muryar kowa, daga direba har akuyar da aka ɗaure a kan mota. A haka ya faɗa cikin 'yan wasan kwaikwayo a Kano, amma shekara da shekaru ba a ba shi abin kirki, sai dai ya fito a mai wucewa ko mai riƙe buta. Da aka ba mu jiha, mutanen talabijin suka zo neman 'yan gida da za su yi wasa, ya tattaro kayansa ya dawo.

Ga abin da ba ku sani ba: ba a yi mutum mai tsoron ciwo kamar Baffa ba. In za a yi masa allura sai an riƙe shi. Ƙaya ta soke shi a gona, zai zauna ya miƙe ƙafa yana kira, "Uwata! Uwata, zo da allura, amma a hankali!" Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa na ci. Kaza ma ba ya iya yankawa, sai ya kai wa maƙwabci ya juya baya. In muka yi laifi muna yara zai ɗauko tsumagiya da fushi, ya daki ƙasa sau uku, ya ce, "Gobe ma ku ƙara ku gani."

Wannan mutumin aka ba wa aikin shan duka.

A Yalwan Damai aka ɗauki wasan farko. Mai shirya wasan ya ce karan dawa ba ya ƙara, na'ura ba ta ji, a kawo sanda ta gaske. Aka kawo. Sau huɗu aka maimaita wajen dukan, don wai rana ta shiga gajimare. Da la'asar aka kawo mana shi a bayan babur, ba ya iya miƙewa. Inna ta ɗaga rigar ta saki salati. Bayan nan duk ya yi rudu-rudu, wani wurin ya fashe, riga ta manne da jini. Tana gasa masa da ruwan zafi yana ihu kamar ana fiɗarsa.

"Ka bar wasan nan, Malam," in ji Inna.

"A'a. Yau har mai ɗaukar hoton sai da ya faɗi don dariya. Shekara nawa ina riƙe buta?"

Ni na kawo shawarar. Ina ɗan taɓa ɗinkin hannu, sai na aika aka sayo min fatar akuya biyu a wajen majema. Na haɗa su, na cusa auduga a tsakani, na bi da basilla layi-layi, na yi mata igiya a gefe yadda za ta kama jiki. 'Yar ciki ce sosai, daga wuya zuwa ƙugu, in ya ɗora babbar riga ba mai ganewa. Baffa ya saka, ya miƙa wa Inna muciya ya ce ta gwada. Inna kuwa dama tana cike, ta ɗaga ta zuba masa. Bum! Ya waiwayo, ya ce, "Wai ƙuda ne ya sauka a bayana?" Muka kwashe da dariya. A tsakar gidanmu maganar nan ta fito, kafin duk jihar ta ɗauka.

Ranar ya sa muka yi alkawari, ni da Inna da ɗansa. Ya ce, "Ko bayan raina kada wanda ya ji. In suka san fata ce, ba ni suke kallo ba, akuya suke kallo."

Wasan ya karɓu. Talabijin ɗaya ce a layinmu lokacin, ta gidan wani Alhaji mai motoci, da batirin mota ake kunna ta, mata a gefe maza a gefe. Kowa kallo yake yi, ni saurare nake. In sanda ta sauka a kan fata, bum take cewa, kamar an daki buhun gero. In ta kauce ta sami hannu ko cinya ko gefen wuya, tas take cewa. Jama'a na dariya ni ina ƙirge, ya dawo in ce, "Baffa, tas uku na ji a wasan jiya." Ya ce, "Huɗu ne, Uwata, ɗaya mai shayi ya yi tari a kai."

Daga nan magana ta fara yawo. Wai Turmi ya sha magani. Wai wani maharbi ne ya dafa shi a dajin Gwaram, sanda ba ta kama shi. Wasu suka ce laya ce a damtse, wasu suka rantse sun ga gora ta karye a bayansa. Ku kun san mu, in aka ce mutum yana da tauri, sai kowa ya so ya gani da idonsa.

Da wasa aka fara. A tasha wani ya ɗan buga masa tafi a baya, "Turmi, ƙuda ne?" Ya ba su amsa, a yi dariya. Sai aka koma sandar kiwo. Sai ƙotar fartanya. Mahauci ya taɓa maka masa ƙashin ƙafar saniya a kasuwa. Wajen ɗaurin aure, wajen suna, har a hanyar masallacin Juma'a. Ba maƙiyansa ba ne fa, masoyansa ne. Mutum zai doke shi da iyakar ƙarfinsa, sannan ya rungume shi ya saya masa goro. Dole 'yar cikin nan ta zama ba ta wasa kaɗai ba, kullum tana jikinsa. Da bazara, ana neman inda za a sa rai don zafi, shi yana cikin fata da auduga, bayansa duk ƙuraje. Sau biyar ina sake sabuwa.

A kan haka shi da Inna suka yi faɗan da ban taɓa ganin sun yi ba. Ya dawo da yatsa a karye, wani ya kai duka ya tare da hannu. Inna ta fizgi 'yar cikin daga igiyar shanya ta nufi murhu.

"Yau sai na ƙone ta, in fita ƙofar gida in faɗa wa duk garin nan! Mutum ne kai ko jaki?"

"Ajiye min kayana."

"Ba zan ajiye ba! Su je su daki iyayensu!"

Ya riƙe gefe ta riƙe gefe, suna ja, tukunyar miya ta kife, wuta ta kama bakin zaninta, ni na watsa mata ruwan kwano. Sai ya saki, ya zauna a kan turmin daka, ya ce a hankali, "Kafin wasan nan, wa yake gaishe ni a garin nan? Ke ma 'yan uwanki matar karen mota suke ce miki." Inna ta jefa masa rigar a cinya ta shige ɗaki. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba, amma ita ta ɗaure masa yatsan.

Kada in yi masa rashin adalci, akwai ranar da abin ya yi amfani. Ranar kasuwa aka kama wani bawan Allah wai ya saci akuya. Aka rufe shi da duka, da faskare da dutse, har an aika a kawo taya. Baffa na wucewa. Ya kutsa yana faɗin abin da yake faɗa in zai shiga rabo a wasa, "Salamu alaikum, me ya yi zafi haka?" Ya kwanta a kan mutumin ya rufe shi da babbar riga. Duka ya ci gaba da sauka, a kansa yanzu. Sai wani ya ce, "Kai, Turmi ne!" Dariya ta fara daga baya ta zo gaba, hannuwa suka yi sanyi, har hukuma ta iso ta tafi da mutumin da ransa. Baffa ya shigo gida jini na bin fuskarsa, dutse ya fasa masa goshi. Ina wanke masa yana cije baki, ya ce, "Uwata, rigar nan taki sai kin ƙara mata hula." Daga ranar Inna ba ta ƙara maganar ƙonewa ba. Shi kuwa ya samu hujja: "Kun gani? Da ba su yarda da maganin ba, da ba su tsaya ba."

Sai ranar Maruta.

Suna aka yi a dangin Inna, can Maruta a ƙasar Gwaram, muka tafi gaba ɗaya. Igiyar 'yar cikin ta tsinke tun ana gobe suna, auduga ta fara fita ta kafaɗa. Na ce ya bari in gyara kafin mu tafi, ya ce mota ba za ta jira ba, kuma ai cikin dangi za mu, wa zai taɓa shi? Na bar ta a kan gado. Wannan barin har gobe yana cina.

Da hantsi, an raɗa suna an watse, muna cikin gida muna tuƙa tuwo. Katanga ce kawai tsakaninmu da maza. Na ji hayaniya ta tashi, ana "Turmi! Turmi!" Na ji wata murya mai kauri tana cewa, "Baba, ni fa tun daga gona na taho don in gan ka. Ana ta faɗa, yau dai in gwada da hannuna." Na ji Baffa yana cewa, "A'a ɗana, yau ƙudan hutu suke." Aka yi dariya, aka ɗauka cikin wasan ne. Daga baya na ga mutumin: wani ƙaton manomi, da gora mai zoben ƙarfe a kai.

Tas!

Muciya ta faɗi daga hannuna. Jama'a suka yi shewa.

Tas!

Na miƙe. Matan suna cewa ina za ki, ba mayafi. Kafin in kai zaure na uku ta sauka, kuma ba tas ta ce ba. Wata ƙara ce, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Ban taɓa jin ta ba, amma na san ko mene ne.

Na fito cikin maza kaina ba ɗankwali. Baffa yana tsaye. Wallahi yana tsaye, fuskarsa ta yi fari kamar toka, gumi na zuba. Kowa na jiran maganar. Na buɗe baki zan yi ihu in ce babu komai a jikinsa, babu magani, ba a taɓa yin magani ba. Ya kalle ni. Kallo ɗaya. Sannan ya ɗaga hannu da ƙyar ya karkaɗe kafaɗa ya ce, "Wai... ƙuda ne ya sauka a bayana?"

Wurin ya ɗauki sowa. Manomin ya jefar da gora ya ɗaga hannunsa sama yana cewa, "Na yarda! Wallahi na yarda!" Baffa ya taka da ƙafarsa har cikin zaure, ya jingina da bango, ya zame ƙasa. Da ya yi tari sai jini.

A babban asibitin garinmu suka ce haƙarƙari uku ne suka karye, ɗaya ya taɓa huhu. Ya yi wata guda a kwance. Masu dubiya suna zuwa yana ce musu sanyi ne ya kama masa ƙirji. Har manomin nan ya zo da kaji biyu da ƙwaryar fura, ya durƙusa yana cewa, "Allah ya ba ka lafiya, Baba. Ashe ciwon Allah dai ba ruwansa da tauri." Ina zaune a gefen gado. Na ja numfashi zan yi magana, Baffa ya damƙe min hannu ta ƙarƙashin mayafi har sai da yatsuna suka yi ƙara. Da mutumin ya fita ya ce, "So kike ya kwana da sanin ya karya tsoho? Bar shi da farin cikinsa."

Bai ƙara komawa daidai ba. Ya yi wasa kaɗan bayan nan, amma ba ya iya faɗuwa ya tashi, sai aka riƙa zaunar da shi a benci ana faɗan a gabansa, mutane suka ce wasan ya lalace. Daga baya aka daina. Ya koma zaman zaure da tarinsa, yana yi wa jikoki muryar akuya. Duk da haka in zai fita sai ya ce, "Uwata, miƙo min abokiyar tafiya," wato 'yar cikin, don ba a fasa dukan ba. Tsoho yana tafe da sanda yana haki, sai wani ya zo ta baya.

Bayan an gama girbin bana ya cika, da safe, kansa a cinyar Inna. Maigidana da liman suka yi masa wanka. Abin da mai wanka ya gani ba a faɗa, ban kuma tambaya ba. Na dai ga maigidana ya fito ya kifa kai a bango ya daɗe a haka.

To, kun ji inda na san ƙarar da na ji ranar sadakar uku. Kuma ba ta tsaya a nan ba. Maigidana direba ne, kullum yana tasha. Cikin kwana arba'in ɗin nan sau shida yana dawowa da shaida a jiki. "Magajin Turmi, a gwada!" Shekaranjiya ya shigo kafaɗa a kumbure, hannun ba ya ɗaguwa, wani ya sauke masa ƙarfen ɗaga mota. Ina gasa masa da ruwan zafi, a wurin da Inna ta gasa wa ubansa, a kan tabarma irin waccan. Na ce, "Ka faɗa musu mana." Ya ce, "In tona wa mahaifina asiri, ƙasarsa ba ta bushe ba?" Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Wai ina 'yar cikin nan take? Ki ɗan rage mata faɗi."

Na tashi na tafi ɗakin Inna na faɗa mata. Tana cikin takaba, ba ta fita, ba ta ɗaga murya. Ta buɗe akwati ta ciro 'yar cikin, ta ƙarshen da na ɗinka, ta ɗora min a hannu. Ta ce, "Na ba su miji. Ba zan ba su ɗa ba. Je ki."

Jiya, da aka shafa addu'ar arba'in maza suna shirin tashi, na sa mayafi na fita zaure, ni da ban taɓa magana a gaban maza ba. Na ɗaga ta sama na ce, "Ga maganin da kuke tambaya. Fatar akuya ce da auduga, ni na ɗinka. Ranar da ba ta jikinsa, ƙashinsa kuka karya." Ba wanda ya yi dariya. Wani dattijo ya karɓa ya juya ta, ya ga inda fatar ta tsattsage, ya ga tabon da ya ƙi fita ta ciki, ya miƙa wa na kusa da shi. Haka ta zaga zauren hannu zuwa hannu. Maigidana bai ɗago kai ba, har yanzu ma bai yi min magana ba. Zai huce. Gara ya yi fushi da ni da haƙarƙarinsa cikakku.

Baffa, na karya alkawari, ka yafe wa Uwarka. Ka ce in sun sani akuya za su kalla. Ni kuwa na ce sai yanzu za su gan ka: mutumin da ƙaya ke sa shi kuka, ya tsaya da ƙashi uku a karye don kada dariya ta tsaya wa mutane a wuya. Allah ya ji ƙanka, ya sa ciwon nan ya zama kankarar zunubi, ya ba ka makwancin da ba mai taɓa ka.

Na rataye ta a ƙusa a zauren gidanmu, duk mai so ya zo ya gani, ya sa yatsa a ramukan da sanduna suka bari. Na kuma rubuta wannan don waɗanda ba su zo ba, na tasha da na kasuwa da na Maruta. Ba na neman kowa da laifi, shi ma bai nema ba. Tambaya ɗaya ce da ni, kai da ka karanta har nan, kuma ba ni za ka ba wa amsa ba: a cikin ramukan nan, wanne ne naka?